Girman fayil yana fitowa ba daidai ba idan ya wuce gigabayit biyu: ina matsalar take?

Sani: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta wata ƙaramar manhaja da harshen C a kan Windows, wadda aikinta shi ne ta duba girman fayilolin bidiyo, ta kwafe su zuwa wani faifai, tana nuna kashi nawa cikin ɗari aka kwafa. Da ƙananan fayiloli komai yana tafiya lafiya. Da na gwada ta da manya sai abin ya rikice. Na fara da fseek zuwa ƙarshen fayil sannan na kira ftell, mai faɗin inda aka tsaya a cikin fayil, sai ya ba ni -1. Na koma GetFileSize, na bar gurbi na biyu a matsayin NULL, na zuba amsar cikin int. Fayil mai bayit 3,221,225,472 ya fito -1,073,741,824, wani kuma mai bayit 6,200,000,000 ya fito 1,905,032,704. Kwamfutata mai bit 64 ce, kuma a kan bit 64 na harhaɗa manhajar. Don Allah wanda ya fahimci inda na kauce ya nuna mini.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Sani. Ka kyauta da ka kawo lambobin yadda suka fito, domin su kansu sun faɗi abin da ya faru. Ɗauki fayil na biyu: ka cire 4,294,967,296 daga 6,200,000,000, za ka samu 1,905,032,704, wato daidai abin da manhajarka ta nuna. Wannan lamba da muka cire ita ce biyu sau biyu har sau 32, kuma ita ce iyakar abin da gurbi mai bit 32 zai iya ƙirgawa kafin ya koma sifili, kamar yadda mitar tafiyar mota take komawa sifili idan ta cika. GetFileSize yana raba girman gida biyu ne, ya dawo maka da rabin ƙasa kai tsaye, ya zuba rabin sama a gurbin nan na biyu. Da ka sa NULL, sai ka ce masa ba ka bukatar rabin saman, shi kuwa ya yar da shi. Fayil na farko kuma bai kai gigabayit huɗu ba, saboda haka amsar da aka dawo maka da ita daidai take, kai ne ka lalata ta da ka zuba ta cikin int. Shi int yana keɓe bit ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, don haka iyakarsa 2,147,483,647, duk abin da ya haura nan sai ya juye ya zama ƙasa da sifili. Ka yi amfani da GetFileSizeEx, ka ajiye amsar a gurbi mai bit 64 kamar int64_t.

Sani: Na gode Malam, lissafin ya fito mini sarai. Abin da ya rage mini shi ne ftell. Na ɗauka tunda na harhaɗa manhajar a bit 64, long, wato nau'in lambar da yake dawowa da shi, shi ma bit 64 ne.

Malam Bashir: Nan ne mutane da yawa suke faɗawa. A Linux da macOS masu bit 64, long yana da bit 64. A Windows kuwa an bar long a bit 32 ko da manhajar ta bit 64 ce, domin kada tsofaffin manhajoji da aka gina a kan wannan faɗin su lalace. Saboda haka kod ɗaya, ba a canza ko harafi ba, zai ba da amsa daidai a Linux ya gaza a Windows. In kana son bin hanyar fseek da ftell a can, akwai _fseeki64 da _ftelli64. Amma ka lura da wani abu: ftell da ya ba ka -1 ya fi maka alheri a kan GetFileSize da ya ba ka 1,905,032,704, domin na farkon ya gaya maka bai iya ba, na biyun kuwa ya ba ka lamba mai kama da gaskiya wadda za ka iya amincewa da ita, ka kwafi ƙasa da sulusin fayil ɗin ka ce an gama.

Usman: Ni a ganina duk wannan wahala ta tsohon zamani ce. Wanda zai rubuta manhaja yau ya bar C ya ɗauki Python ko Java, ko in dole ne sai C++ ya kira std::filesystem::file_size da ya shigo a C++17. A Python os.path.getsize yana ba da amsa daidai komai girman fayil, tunda lambobinsa ba su da iyakar bit. Ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya ɓata lokaci yana haddace bambancin long a tsare-tsare daban-daban ba, alhali kwamfutoci masu bit 32 sun kusa ƙarewa.

Hauwa: Yaya Usman, ban yarda da rabin maganarka ta ƙarshe ba. Aikina na yau da kullum a kan ƙananan na'urori ne, irin kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet da allunan Raspberry Pi, kuma da yawa daga cikinsu Linux mai bit 32 suke ɗauke da shi har yanzu. Su ne ma suka fi tara manyan fayiloli, domin kyamara ba ta daina ɗauka. A irin wannan tsari, in ba ka yi shiri ba, off_t, wato nau'in lambar da ake riƙe girman fayil da shi, yana zama bit 32, sai stat, mai ba da bayanan fayil, ya gaza da kuskuren EOVERFLOW a kan duk fayil da ya kai gigabayit biyu, har ma buɗe fayil ɗin kansa ya ƙi yiwuwa. Maganin ya daɗe da samuwa: tun 1996 kamfanonin Unix suka yi matsaya a kan yadda za a tallafa wa manyan fayiloli, kuma a glibc, wato tarin kayan aikin C na Linux, abin da ake yi shi ne a sa _FILE_OFFSET_BITS ya zama 64 a lokacin harhaɗawa, sai off_t ya faɗaɗa, a yi amfani da fseeko da ftello a madadin fseek da ftell. Sharaɗin shi ne a ayyana shi kafin kowane include, kuma mafi aminci a sa shi cikin umarnin harhaɗawa don ya shafi dukkan sassan manhajar. Na taɓa kwana biyu ina neman wani kuskure da ya samo asali daga nan: sashe ɗaya an harhaɗa shi da wannan alama, ɗayan babu, kuma su biyun suna musayar struct ɗaya mai ɗauke da off_t. Ɗaya yana ganin gurbin bayit takwas ne, ɗayan yana ganin huɗu ne, sai duk abin da ya biyo bayan gurbin ya goce daga mazauninsa.

Usman: Na karɓi batun ƙananan na'urori, ban yi tunaninsu ba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa a manyan harsuna matsalar ba ta tasowa.

Aliyu: Tana tasowa, Yaya Usman, sai dai ta sauya kama. Littafin bayanin PHP da kansa ya yi gargaɗi cewa filesize na iya ba da amsar da ba a zata ba ga fayil da ya wuce gigabayit biyu a kan tsari mai bit 32, domin lambobin PHP faɗin tsarin suke bi. Tsohuwar dabarar da ake yi ta sprintf da %u tana kai mutum gigabayit huɗu ne kawai, daga nan ita ma ta faɗi. A JavaScript kuma lamba tana riƙe ƙima daidai har 9,007,199,254,740,991, wanda ya isa kusan kowane fayil, amma da zarar mutum ya rubuta size | 0 ko size >> 20 don ya yi saurin zagaye lamba ko rabawa, harshen yakan matse ta zuwa bit 32 kafin ya yi aikin, sai ka koma daidai ramin da Sani ya faɗa. A Java, File.length yana dawo da long mai bit 64, wannan daidai ne, amma sau nawa muka ga an rubuta (int) a gabansa don a buɗe array mai girman fayil ɗin? Kuma in fayil ɗin babu shi sam, sifili yake dawowa da shi ba tare da wani ƙorafi ba, shi ya sa na fi son Files.size, wanda yake jefa kuskure in ya kasa.

Malam Bashir: Abin da Aliyu ya faɗa shi ne zuciyar maganar. Samo girman daga tsarin aiki shi ne mataki mafi sauƙi, layi ɗaya ne. Wahalar tana wajen riƙe lambar da faɗinta tun daga inda aka karɓo ta har inda aka nuna ta ko aka ajiye ta, domin gurbi ɗaya mai bit 32 a tsakiyar hanya ya isa ya ɓata komai. Sani, ka ce manhajarka tana nuna kashi cikin ɗari. Turo mana layin da yake yin wannan lissafin.

Sani: Ga shi Malam: int kashi = kwafe * 100 / jimla; kuma da farko kwafe da jimla duka int ne. Na riga na mayar da jimla int64_t bayan bayaninka.

Malam Bashir: To kwafe ma sai ka mayar da shi, kuma ka duba yadda abin yake: ana ninka kwafe da 100 kafin a raba, kuma wannan ninkawar a faɗin int ake yin ta ko da jimla ya zama bit 64. Ka raba 2,147,483,647 da 100, za ka samu 21,474,836. Ma'ana tun a kusan megabayit 21 lissafinka yake tumbatsa, ba sai an kai gigabayit ba. Ina kyautata zaton in ka koma ka lura da kyau, za ka ga ma'aunin yana tsalle ko yana komawa baya ko a fayiloli matsakaita. Irin wannan ne yake faruwa ga wanda ya rubuta 5 * 1024 * 1024 * 1024 yana nufin gigabayit biyar: duk lambobin int ne, don haka sakamakon ya lalace kafin a zuba shi a babban gurbin da aka tanadar masa. Sai an sa LL a bayan ɗaya daga cikin na farko. Wajen bugawa ma haka: %d da %ld ba za su ɗauki bit 64 a Windows ba, ka yi amfani da %lld ko PRId64 daga inttypes.h. Kada kuma ka gudu zuwa float, domin daga 16,777,216 yake fara tsallake lambobi.

Sani: Wallahi haka ne, na sha ganin ma'aunin yana komawa baya, na ɗauka matsalar nuni ce kawai. Na gyara duka, yanzu girman yana fitowa daidai. Sai dai ga sabuwa: fayil mai bayit 6,200,000,000 yana kwafuwa har kusan kashi 69 sannan rubutun ya gaza, alhali filashin da nake kwafa a kai yana da sarari fiye da gigabayit 20.

Malama Zainab: Sani, duba tsarin da aka tsara filashin da shi, kusan tabbas FAT32 ne. A FAT32 gurbin da ake rubuta girman fayil bit 32 ne, saboda haka fayil ɗaya ba ya wuce bayit 4,294,967,295 komai yawan sararin da ya rage. Ka raba wannan da 6,200,000,000 za ka ga kashi 69 ɗin da kake tsayawa. Wannan ba laifin kod ɗinka ba ne, amma manhaja mai kyau ya kamata ta tambayi tsarin faifan da GetVolumeInformation tun kafin ta fara, ta gaya wa mai amfani da ita gaskiya, maimakon ta ɓata masa mintuna sannan ta faɗi. In an mayar da filashin exFAT ko NTFS iyakar ta kau.

Tunda an zo nan, ina so in ja hankalinmu ga wata tambaya da ba a yi ba tun farko: idan muka ce girman fayil, wanne muke nufi? Akwai adadin bayit da za ka samu in ka karanta fayil daga farko zuwa ƙarshe, akwai kuma sararin da ya ci a kan faifai, kuma waɗannan biyun suna iya yin nisa da juna ƙwarai. A Linux ka rubuta truncate -s 5G gwaji.bin, nan take ls -l zai nuna maka 5368709120, amma du, mai auna sararin da fayil ya ci a faifai, zai nuna sifili, domin fayil ɗin rami ne zalla, ba a ware masa ko ɓangare ɗaya a faifai ba. Faifan kwamfutocin kwaikwayo da fayilolin rumbun bayanai sukan zo a haka. A stat, st_size shi ne na farko, st_blocks kuma in ka ninka shi da 512 a Linux shi ne na biyu. A Windows GetCompressedFileSize ne yake ba da sararin da fayil matsattse ko mai ramuka ya ci. Wanda yake son sanin ko kwafi zai shiga faifai st_size yake bukata, domin in manhajar kwafin ba ta san ramuka ba, za ta cike su da sifili na gaske. Wanda kuma yake son sanin me ya cinye masa faifai, na biyun yake bukata.

Hauwa: Malama, in ƙara a kan naki, akwai abubuwan da stat ba ya ba da girmansu sam. Faifai ɗungurungum irin /dev/sda yana nuna sifili a st_size, sai an tambaye shi ta ioctl da BLKGETSIZE64. Mafi yawan fayilolin cikin /proc ma sifili suke nunawa alhali in ka karanta akwai rubutu a ciki. Bututu (pipe) kuwa, wanda manhaja take tura wa wata bayanai ta cikinsa, ba shi da ƙarshen da za a yi fseek zuwa gare shi. Haka nan in sunan da aka ba ka mahaɗi ne mai nuni zuwa wani fayil, stat yana bin sa ya auna fayil ɗin can, lstat kuma mahaɗin kansa yake aunawa, sai ka ga 'yan bayit kaɗan.

Usman: To ai wannan ya ƙara ƙarfafa abin da nake son faɗa ta wata fuskar. In girman yana da wannan yawan tarko, me zai hana a daina dogara da shi gaba ɗaya? A karanta fayil gutsure-gutsure har sai an ce ya ƙare, shi ke nan.

Malam Bashir: A nan kam ina tare da kai fiye da rabi, Usman. Wajen kwafin kansa, abin da ya kamata ya tsayar da zagayen karatu shi ne isowa ƙarshen fayil, ba lambar da aka auna tun farko ba, domin tsakanin aunawa da karantawa wata manhaja tana iya ƙara wa fayil ɗin ko ta rage shi, musamman bidiyon da ake kan ɗauka. Kuma babu hikima a ware ƙwaƙwalwa mai girman fayil a ce za a haɗiye shi a karo ɗaya. A Linux ma kira ɗaya na read ba ya wuce bayit 2,147,479,552 ko a tsari mai bit 64, saboda haka wanda bai duba adadin da aka dawo masa da shi ba zai rasa sauran bai sani ba. Inda na rabu da kai shi ne cewa a daina aunawa. Sani yana bukatar girman don ya nuna ci gaba, don ya san ko akwai sarari, don kuma ya kwatanta abin da ya rubuta da abin da ya zata a ƙarshe. Abin da zan ce shi ne ya buɗe fayil ɗin tukuna, sannan ya auna ta hannun (handle) da ya samu wajen buɗewar, wato da fstat ko GetFileSizeEx, ba ta suna ba, domin ya tabbata abin da ya auna shi ne abin da yake karantawa.

Malama Zainab: Wannan shawara ta auna ta hannun da aka buɗe tana da wani amfani a Windows. Girman da FindFirstFile yake bayarwa daga bayanan jakar yake fitowa, kuma a NTFS waɗannan bayanai suna iya zama tsofaffi ga fayil da ake kan rubutawa. Sannan shi ma gida biyu yake raba girman, nFileSizeHigh da nFileSizeLow. Na ga mutane suna haɗa su da ninka na saman da MAXDWORD + 1 (MAXDWORD ita ce lamba mafi girma da bit 32 ke ɗauka), ba su lura cewa wannan jimlar da kanta tana tumbatsa ta koma sifili a bit 32 ba, sai rabin saman ya ɓace kamar yadda ya ɓace wa Sani da farko. A fara mayar da na saman uint64_t, a tura shi hagu da bit 32, sannan a haɗa da na ƙasan.

Aliyu: Ina da tambaya a gefe guda mai alaƙa da wannan. Na matse wani babban fayil da gzip, da na duba girman asalinsa da gzip -l sai ya nuna mini lamba ƙarama sosai. Shin fayil ɗin ya lalace ne?

Hauwa: Bai lalace ba, Aliyu. Tsarin gzip yana ajiye girman asali a bayit huɗu na ƙarshen fayil, don haka abin da ake rubutawa shi ne ragowar da ta saura bayan an cire gigabayit huɗu-huɗu, kuma tsofaffin fitowar gzip wannan gurbin kawai suke karantawa. In kana son tabbaci, ka warware shi ka tura wa wc -c ya ƙirga. Iyakoki irin wannan suna cikin tsarin fayiloli da dama: ZIP na asali yana tsayawa a gigabayit huɗu sai da aka ƙaro ZIP64, WAV ma haka, tsohon tsarin tar kuma a gigabayit takwas yake tsayawa saboda yawan lambobin da aka ware wa gurbin girma. Don haka ko kod ɗinka ya tsarkaka, sai ka duba gurbin da za ka zuba lambar a ciki, har da ginshiƙin rumbun bayanai, domin INT a MySQL bit 32 ne, BIGINT ake bukata.

Sani: Na duba, filashin FAT32 ne kamar yadda Malama ta ce. Na mayar da shi exFAT, kwafin ya kammala, kuma girman ya yi daidai da na asali bayit da bayit. Abu ɗaya da ya ɗan ruɗa ni shi ne manhajata tana cewa gigabayit 6.2, Windows kuma tana cewa 5.77.

Malama Zainab: Duka biyun daidai ne, ma'auni ne ya bambanta. Kai ka raba da 1,000,000,000, Windows kuma da 1,073,741,824 take rabawa amma ta rubuta GB. Shi ya sa faifan terabayit ɗaya yake fitowa 931 a can. Tun 1998 hukumar tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta fitar da sunaye na daban ga ma'aunin 1024, wato KiB da MiB da GiB, sai dai ba kowa ya bi ba. Ka zaɓi ɗaya ka rubuta alamarsa daidai, amma duk kwatanci da lissafi ka yi su da bayit, rabawar ta zama a wajen nuni kawai.

Malam Bashir: Kafin ka ce ka gama, Sani, ka gwada manhajar a bakin iyakokin da kansu, ba da fayilolin da suka faɗo hannunka kawai ba. Da fsutil file createnew za ka iya ƙirƙirar fayil mai girman da kake so daidai, sai dai shi yana cin sarari na gaske a faifai. Ka yi guda huɗu: 2,147,483,647 da 2,147,483,648 da 4,294,967,295 da 4,294,967,296. Na ukun yana da muhimmanci na musamman, domin lambarsa ita ce daidai INVALID_FILE_SIZE da GetFileSize yake amfani da ita wajen nuna gazawa, don haka duk wani tsohon kod da ya rage yana kiransa ba tare da duba GetLastError ba zai ce fayil mai lafiya ya ƙi aunuwa. Na huɗun kuma in akwai gurbi mai bit 32 da ya ɓuya a wani lungu, zai fito sifili, manhajar ta ɗauka fayil ɗin fanko ne.

Sani: Na ƙirƙiri huɗun na gwada. Uku na farko sun wuce lafiya, na huɗun kuwa manhajar ta tsallake shi ta ce babu komai a ciki. Na bi sawu na tarar da wani aiki da na rubuta tun farko mai duba ko fayil fanko ne, yana karɓar girman a matsayin DWORD, wato gurbi mai bit 32. Na mayar da shi uint64_t, na sake gwadawa, yanzu huɗun duka suna kwafuwa. Gobe in sha Allahu zan ƙara binciken FAT32 da Malama ta ambata kafin a fara kwafi.